Babi na Shida: Shekara Uku da Rabi Kafin a Sakar Maka Bututu

A Jamus, mai gidan hayan da ya bar ɗan hayarsa cikin sanyi ya ɗebo ruwan dafa kansa. Kotunan ƙasar sun daɗe da yanke magana cewa daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu dole ɗakin zama ya iya kai ɗumin digiri 20 zuwa 22 da rana. Idan na'urar ɗumama gida ta mutu aka yi biris da ita, ɗan haya na da ikon zaftare kuɗin haya. Wanda bai taɓa ganin hunturun Turai ba zai ce shagwaɓa ce, amma ba ita ba ce. A watan Janairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili, ruwa kuwa idan ya daskare cikin bututu yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, har ya tsaga jan ƙarfe. Ɓarnar ba ta bayyana nan take. Sai ranar da ƙanƙarar ta narke ake ganin ruwa na tsiyaya daga rufin ɗaki.

Mutumin da ake kira idan haka ta faru shi ne dai wanda ya ɗaura masai, ya kafa shaya, ya ja ruwa zuwa kicin. Da can sana'o'i biyu ne, mai haɗa bututun ruwa da gas daban, mai gina na'urar ɗumama gida daban. A 2003 aka haɗe koyonsu ya zama guda, aka sake gyara manhajar a 2016. Wanda ya shiga yau zai yi shekara uku da rabi kafin a kira shi ƙwararre. Yawancin sana'o'in hannu na ƙasar shekara uku ne. Wannan na cikin waɗanda aka ƙara wa wata shida, kuma duk wanda ya leƙa abin da ake koyarwa zai ga ba don mugunta aka ƙara ba.

Yaro ɗan shekara 16 ko 17 da ya gama sakandare shi ke neman maigidan da zai ɗauke shi, yadda ake neman aiki. In an daidaita, sai a rubuta yarjejeniya, iyayensa su sa hannu idan bai kai 18 ba, a kai takardar majalisar masu sana'ar hannu ta yankin ta shigar da sunansa rajista. Irin waɗannan majalisu 53 ne a faɗin ƙasar. Yarjejeniyar ta fayyace tsawon koyo, da kwanakin hutu, da lokacin gwaji wanda ba ya gaza wata ɗaya kuma ba ya wuce huɗu, da kuɗin da za a riƙa biya duk wata. Maigidan ne ke biyan yaron, ba iyayen yaron ke biyan maigida ba. Tun 2020 doka ta sa ƙa'idar da ba a sauka ƙasa da ita: Yuro 515 a wata ga ɗan shekarar farko a lokacin, ta kai Yuro 682 a 2025, kuma kuɗin na hawa kowace shekara ta koyo. A tsadar rayuwar Jamus wannan ba kuɗin riƙe gida ba ne, shi ya sa da yawa ke zaune wurin iyayensu har su gama.

Kwana uku ko huɗu na mako yana wurin aiki, sauran yana makarantar sana'a ta gwamnati. Wasu yankunan sukan tattara kwanakin makarantar su zama makonni a jere. Akwai kuma wuri na uku da ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganina shi ne dabarar da ta fi kowace kaifi a tsarin. Maigidan da sana'arsa ta karkata ga gyaran banɗaki kawai yana iya shekara bai taɓa tukunyar gas ta ɗumama gida ba. Da a bar yaronsa haka, zai fito da ido ɗaya. Don haka ƙungiyoyin masu sana'ar ke da manyan ɗakunan koyo na haɗin gwiwa, inda ake tara yaran shaguna daban-daban na mako ɗaya ko biyu, a koya musu abin da shagon maigidansu ba ya yi. Kowane yaro kuma na riƙe da littafin da yake rubuta aikin da ya yi, maigida na dubawa yana sa hannu. Wanda littafinsa bai cika ba, ba ya shiga jarrabawa.

Shekarar farko ba ta da wani ado. Ƙarfe bakwai na safe ana loda motar aiki. Yaro ne mai ɗauko akwatin kayan aiki, shi ne mai fasa bango, shi ne mai share ƙura, shi ne kuma za a haɗa da wani su sauko da tsohon lagireton ɗumama ɗaki na baƙin ƙarfe daga hawa na huɗu a gidan da babu lifta. Tsakanin wannan wahalar ake fara miƙa masa bututu. Zai auna, ya yanka da ƙaramin abin yanka mai kewaya bututun, sannan ya goge bakin ciki da waje, domin ɗan tsinin da ya rage na iya yanka zoben robar da ke cikin mahaɗa. Zai sa alama da alƙalami daidai zurfin da bututun ya kamata ya shiga, ya tura har alamar ta zo baki, ya ɗora injin matsewa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi haƙoran injin sun danne mahaɗar, an gama. Wannan hanyar, wadda kamfanoni irin su Viega suka yaɗa a bututun jan ƙarfe tun tsakiyar shekarun 1990, ta ture liƙi da wuta a yawancin gidaje, saboda ta fi sauri kuma babu fargabar gobara. Sai dai saurin ya zo da nasa tarkon. Mahaɗar da aka manta ba a matse ba, daga nesa ba ta da bambanci da wadda aka matse. Masu ƙera kayan sun san halin ɗan'adam, sai suka tsara mahaɗar yadda in ba a matse ta ba za ta yi yoyo a fili lokacin gwaji. Duk da haka ana koya wa yaron tsohon hannu: narka liƙi da wutar gas, lanƙwasa bututu ba tare da ya lotse ba, da naɗa zaren wata irin rama a bakin bututu mai zare a shafa masa man liƙi. Tsofaffin gidaje cike suke da irin wannan aikin, kuma su ne suka fi yawa.

Kafin a rufe bango kuwa, sai an yi gwaji. Ana toshe duk bakunan bututun, a cika shi da iska ko ruwa har matsin da ƙa'ida ta faɗa, a zauna ana kallon allurar agogon awo. In ta sauka, akwai inda ke zuba, sai an nemo. In ta tsaya, a rubuta sakamakon a takarda, a sa hannu, a ajiye. Aikin gini na da lamunin shekara biyar a dokar Jamus, saboda haka takardar nan na iya zama shaida a gaban alƙali wata rana.

A nan ne, ina ganin, asalin dalilin dogon koyon yake. Tela in ya ɓata ɗinki, mai riga zai gani ran da ya saka. Aikin mai famfo kuwa siminti ake shafewa a kai, a liƙa tayil. Mai gida ba shi da hanyar sanin ko an yi daidai, abin da yake gani kawai kan famfo mai sheƙi. Kuskuren na iya kwantawa shekara biyar ko goma kafin ya nuna kansa, a lokacin mai aikin ya daɗe da cin kuɗinsa. Tunda mai saye ba zai iya tantance aikin ba, sai Jamusawa suka koma tantance mai aikin tun kafin ya fara.

Kuma ba kowane kuskure ne ke fitowa a matsayin yoyo ba. Wani a asibiti yake fitowa. A 1892 kwalara ta kashe mutum wajen 8,600 a Hambug, birnin da ke tura wa gidaje ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba. Altona, da ke manne da shi, tana tace nata ruwan da yashi, sai annobar ta taɓa ta sama-sama. Tun daga irin wannan darasi hukumomin ƙasar ke kallon ruwan famfo a matsayin abinci. Hukumar ruwa na kawo shi da tsabta zuwa bakin gida, daga mita zuwa ciki kuwa amanar ta koma hannun mai gida da mai aikin famfonsa. Shi ya sa ake ɓata lokaci mai tsawo a aji kan abin da ido ba ya gani.

Ɗauki ƙwayar cutar Lajiyonela. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojojin Amurka a Filadelfiya a 1976, inda ciwon huhu ya kama mahalarta da yawa, wasu suka mutu. Ƙwayar na yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 25 zuwa 45, kuma ba ta shan ruwan ake kamuwa ba, ta shaƙar feshinsa ne, misali a ƙarƙashin shaya. Daga wannan bayanin ɗaya ƙa'idoji da yawa suka tsiro, yaron kuma sai ya san tushensu, ba haddarsu kawai ba. A manyan gidaje ruwan zafi ya bar tanki a digiri 60, kada ya sauka ƙasa da 55 a zagayensa. Ruwan sanyi kada ya wuce digiri 25, don haka ba a jera bututunsa jikin na zafi babu abin kariya. Ba a barin reshen bututu makaho, wato wanda aka toshe bakinsa aka bar ruwa kwance a ciki. Gidan haya mai tankin da ya haura lita 400 sai an ɗebi ruwansa an kai ɗakin gwaji duk shekara uku. Mai gida mai son rage kuɗin wuta zai so a rage zafin tankin, kuma aikin ƙwararre ne ya gaya masa dalilin da ya sa ba za a rage ba. Duk wanda ke da baƙin tankin roba da ke wuni cikin rana a saman gidansa, wannan lissafin ɗumin ya shafe shi ko da bai taɓa jin sunan ƙwayar ba.

Haka batun dalma. Tsofaffin gidaje, musamman a arewaci da gabashin ƙasar, an ja musu ruwa da bututun dalma har farkon shekarun 1970. Dokar ruwan sha ta 2023 ta ba da wa'adi zuwa 12 ga Janairu 2026 a cire duk wanda ya rage. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani kan haka.

Hatta lanƙwasar nan da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, wadda mutane da yawa ke ɗauka ado ce, darasi ce mai zaman kanta. Ɗan ruwan da ke tsayawa cikinta, kimanin santimita biyar, shi ke tare warin magudana daga shigowa ɗaki. In ba a fitar wa magudanar da bututun shan iska ta saman rufi ba, duk sanda aka kora masai a bene ruwan da ke gangarowa zai zuƙe wannan ɗan ruwan, gida ya cika da ɗoyi, a yi ta zargin mai shara. Gangaren bututun ƙazanta ma da awonsa, wajen santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. In ya kwanta da yawa, ƙazanta ta zauna ta toshe.

Ɓangaren ɗumama gida shi ne baƙo gare mu, kuma shi ne ya fi lissafi. Tsarin a taƙaice: tukunya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ɗumama ruwa da gas ko mai, ƙaramin injin na tura ruwan ya zaga ɗakuna ta cikin lagiretoci ko ta bututun da aka shimfiɗa ƙarƙashin daɓe, ya saki zafinsa, ya komo tukunya. Ruwa ɗaya ne ke ta zagawa a rufe. Ruwa kuwa in ya yi zafi yana ƙara girma, a rufaffen bututu kuma ba shi da inda za shi. Don haka ake ɗaura wani ɗan tanki, galibi ja, mai shamakin roba a tsakiya, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska, ya riƙa shanye ƙarin. Bayansa akwai bawul ɗin tsaro da ke buɗewa da kansa in matsi ya wuce iyaka. Yaro zai koyi lissafin girman tankin, da lissafin yawan zafin da kowane ɗaki ke asara ta bango da taga, domin daga nan ake sanin girman lagireton da ya dace. Zai koyi daidaita rabon ruwa tsakanin ɗakuna, saboda ruwa na bin hanya mafi sauƙi: in an bar shi, ɗakin kusa da tukunya zai yi zafi har a buɗe taga, na can sama yana rawar ɗari. Zai koyi awon hayaƙi, domin tukunyar da ba ta ƙone gas da kyau na fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci. Ba kowa ma doka ta bari ya taɓa bututun gas ba, sai shagon da sunansa ke cikin rajistar kamfanin da ke kawo gas ɗin. Wani jami'in daban, mai duba bututun hayaƙi, shi ma yakan zo ya duba tukunyar kafin a fara amfani da ita, ya riƙa dawowa lokaci-lokaci.

Jarrabawar kashi biyu ce. Ta farko kafin ƙarshen shekara ta biyu, tana ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na sakamako, sauran na ƙarshen koyo. Ba maigidan yaron ne ke yanke hukunci ba. Kwamiti ne na wakilan masu shaguna, da wakilan ma'aikata, da malamin makarantar sana'a. Ana ba ɗalibi aiki irin na mai gida na gaske, ya tsara, ya haɗa, ya gwada, masu jarrabawar na zagayawa suna tambayarsa me ya sa ya sa wannan a nan bai sa a can ba. Wanda ya faɗi na da damar maimaitawa sau biyu.

Samun takardar cin jarrabawar bai ba shi izinin buɗe shago ba. Zai iya aiki ƙarƙashin wani a ko'ina cikin ƙasar. Kafa nasa da ɗaukar yara kuwa sai ya kai matsayin Maista, wanda ke buƙatar wani karatun da wata jarrabawar mai sassa huɗu: aikin hannu, ilimin sana'ar, harkar kasuwanci da doka, sannan dabarun koyarwa. Akwai ƙofar gefe ga wanda ya yi shekara shida yana aiki, huɗu daga ciki yana jagorantar wasu. A 2004 gwamnati ta sassauta wannan sharaɗi, ta rage sana'o'in da ke buƙatarsa daga 94 zuwa 41. Masu liƙa tayil na cikin waɗanda aka saki, shagunansu suka yi ta ɓullowa, koyar da yara kuma ya ja baya, har a 2020 aka maido da sharaɗin kan sana'o'i 12, da su a ciki. Masu aikin famfo da ɗumama gida ba a taɓa sakinsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin ba shi da tabo. Shingen da ke kare mai gida daga ɗan koyo shi ne kuma ke kare masu shaguna daga gasa, kuma sun san da haka sarai. Baƙon da ya shekara ashirin yana wannan aiki a ƙasarsa yakan sha wuya kafin a yarda da ƙwarewarsa, ko da yake dokar shigo da ƙwararru da ta fara aiki a Maris 2020 ta ɗan buɗa hanya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na yarjejeniyoyin koyon sana'a a ƙasar kan warware kafin wa'adi, wasu yaran su koma wani shagon, wasu su bar sana'ar gaba ɗaya, sau da yawa saboda maigidan da ya mayar da su 'yan aike. Mata a wannan fanni 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Iyaye da yawa kuma sun fi son ɗansu ya tafi jami'a ko da zai fito yana samun ƙasa da abin da mai shagon famfo ke samu.

A wajenmu ma yaro a hannun maigida yake koyo, kuma a saurin hannu da iya dabara ba na jin yaron Kano ko Maraɗi zai bar wa kowa. Mai haɗa sumo da tanki da fayif ɗin roba a gidan da ba a yi masa zanen famfo ba, yana warware matsalar da ɗan Jamus bai taɓa cin karo da ita ba. Akwai kuma hukumomi a Najeriya, irin su ITF da aka kafa a 1971 da NABTEB ta 1992, da jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Abin da ya yi ƙaranci shi ne igiyar da ta ɗaure shagon maigida da aji. Yawancin yaran ba su taɓa zama an yi musu bayanin dalilin da ya sa ba a haƙa sokawe kusa da rijiya ba, kuma ranar da maigida ya ce yaro ya iya, babu wani na waje da zai sake dubawa.

Jamus kanta yanzu tana ɗanɗana kuɗar tsarin da ba ya sauri. Kafin yaƙin Yukiren, fiye da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha yake, kuma kusan rabin gidajen ƙasar da gas ake ɗumama su. Da aka rufe bututun gas ɗin Rasha a 2022, sai hankali ya koma kan injin janyo zafi, wanda ke aiki da fasahar firij amma a juye: yana zuƙo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ko cikin ƙasa, ya tattara shi ya miƙa wa ruwan gida. Da awo ɗaya na lantarki yakan ba da awo uku zuwa huɗu na zafi, muddin an lissafa gidan daidai. Wannan injin ba ya yafe kuskure yadda tukunyar gas ke yafewa. Ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 35 na ƙarƙashin daɓe kan digiri 70 na tsofaffin lagiretoci, kuma in aka ɗaura shi da ka, takardar kuɗin wuta ce za ta tona asiri. Gwamnati ta sa burin kafa guda 500,000 a shekara daga 2024. Majalisa ta zartar da dokar ɗumama gidaje a Satumban 2023 bayan cacar baki mai zafi, wadda ta tanadi cewa sababbin na'urori su dogara da makamashi mai sabuntuwa da aƙalla kashi 65 cikin ɗari, a hankali a hankali. A 2023 an sayar da injinan wajen 356,000, a 2024 cinikin ya faɗi da kusan rabi saboda ruɗanin da mutane suka shiga, gwamnatin da ta hau a 2025 kuma ta ce za ta sauya dokar.

Doka na iya juyawa cikin shekara ɗaya, ƙwararre kuwa ba ya fitowa sai bayan uku da rabi. Yaron da ya sa hannu a yarjejeniya a watan Agustan 2023, lokacin da ake tsaka da rigimar, sai farkon 2027 zai zauna jarrabawarsa ta ƙarshe. Makarantu da ƙungiyoyin sana'ar sun ƙara darussan injin janyo zafi da na lantarki, sun buɗe gajerun kwasa-kwasai ga tsofaffin ma'aikata, amma ba su iya rage komai daga darasin gas da mai ba, domin miliyoyin tukwanen da ke ƙarƙashin gidaje za su ci gaba da neman mai gyara na shekaru masu yawa.